Diyyar raɗaɗi da kuɗin jinkiri: abin da New South Wales ta soke bai kamata a soke shi ba

A jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya, idan sakacin wani ya sa aka yanke wa mutum ƙafa, ya kai ƙara, aka yi shekara biyar ana shari'a, kotu za ta ba shi diyyar azabar da ya sha, amma ba ta da ikon ƙara masa ko sisi saboda shekara biyar ɗin da ya yi yana jira. Sashe na 18 na dokar Civil Liability Act ta 2002 ne ya ɗaure hannun alƙali. A Ingila, mai irin wannan rauni zai sami ƙarin kashi 2 cikin 100 a kowace shekara. Kuɗin ba yawa, wasu ma raina shi suke yi. Duk da haka ina ganin tsarin Ingila ya fi kusa da gaskiya, kuma abin da New South Wales ta yi kyauta ce aka miƙa wa kamfanonin inshora daga aljihun waɗanda suka fi kowa jigata.

Diyyar rauni kashi-kashi ce, kuma kowane kashi da nasa hukuncin. Akwai asarar da ta riga ta faru, wadda ake iya lissafawa da rasidi da takardar albashi: kuɗin asibiti, magani, mota zuwa wurin likita, albashin watannin da mutum ya yi a kwance. Akwai asarar gaba: aikin da ba zai ƙara iya yi ba, mai jinyar da zai riƙa biya har ƙarshen rayuwarsa. A wannan kashi ba a ba da kuɗin ruwa, domin tun kafin lokacin kashe kuɗin ya yi ake damƙa masa su. Sai kashi na uku, wanda ba shi da rasidi: raɗaɗi, wahala, tabo, raguwar kwanan da ake sa ran mutum zai yi a duniya, da rasa daɗin rayuwa, kamar uwar da ba ta iya ɗaga ɗanta ko makaɗin da yatsunsa suka shanye. A kan wannan kashi na uku ne aka daɗe ana ja.

Tushen gardamar shi ne ranar da ake ƙiyasta kuɗin. Alƙali ba ya tambayar nawa ne diyyar ƙafa a shekarar da hatsarin ya faru. Yana yanke ta ne da darajar kuɗin ranar hukunci. A Ingila yana buɗe jadawalin diyyar rauni na baya-bayan nan na Judicial College, cibiyar horar da alƙalai, wanda ake sabunta alƙalumansa bisa hauhawar farashi, bugu na 17 ya fito a 2024. To idan an riga an gyara adadin ya dace da farashin yau, me kuma za a ƙara?

Kotunan Ingila sun yi shekara goma sha uku suna kai-komo a kan wannan tambaya. A 1970, a shari'ar Jefford da Gee, Kotun Ɗaukaka Ƙara ƙarƙashin Lord Denning ta ce a ba da cikakken kuɗin ruwa tun daga ranar da aka miƙa wa wanda ake ƙara sammaci. Daga nan farashi ya yi tashin gwauron zabi, har hauhawar ta haura kashi 20 cikin 100 a 1975. A 1977, a shari'ar Cookson da Knowles, Denning ya juya gaba ɗaya ya ce kada a ba da komai, tunda diyyar kanta tana hawa tare da farashi. Shekara guda bayan haka Majalisar Dattawa, wadda alƙalanta su ne kotun ƙoli a wancan zamani, ta rushe wannan ra'ayi a shari'ar Pickett. Hujjarta ita ce wadda har yau ban ga an karya ba. Sabunta adadin diyya yana hana kuɗin lalacewa ne kawai, wato abin da za su saya jiya shi za su saya yau. Kuɗin ruwa kuwa na wani abu ne dabam: an hana mutum amfani da haƙƙinsa tsawon shekaru, alhali wani yana riƙe da shi yana juyawa.

Sai dai komawa ga cikakken kuɗin ruwa shi ma kuskure ne. Idan banki yana ba da kashi 12 a lokacin da farashi ke hawa da kashi 10, to kashi 10 na cike giɓin faɗuwar darajar kuɗi ne, kashi 2 kawai ne ladan haƙurin mai kuɗi. Wanda aka yanke wa diyya da kuɗin yau ya riga ya karɓi goman nan a cikin adadin, a sake ba shi an biya shi sau biyu. Wannan ne ya sa a 1982, a shari'ar Birkett da Hayes, aka tsaya a kan kashi 2. A 1983 Majalisar Dattawa ta tabbatar da shi a shari'ar Wright da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Birtaniya, inda Lord Diplock ya dubi ribar takardun bashin gwamnati waɗanda ake gyara darajarsu da hauhawar farashi, domin su ne ma'aunin abin da kuɗi ke haifarwa ba tare da kasada ba. An kuma yi la'akari da cewa ba a cire haraji a kan wannan kuɗin ruwa. A 2000 an nemi a ɗaga shi zuwa kashi 3, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi. Har yau yana nan a 2.

Ga yadda lauya ke lissafa shi. A ce diyyar raɗaɗi fam 100,000 ce, an miƙa takardar ƙara, an yanke hukunci bayan shekara uku daidai. Kashi 2 na 100,000 fam 2,000 ne, sau uku fam 6,000. Ruwan ba ya haihuwa, a kan uwar kuɗi kawai ake lissafi. Asarar da ke da rasidi kuma hanyarta dabam: tana farawa ne daga ranar hatsari, a kan rabin ruwan da asusun ajiyar kotu ke bayarwa. Ana raba shi biyu domin albashin bai ɓace rana ɗaya ba, wata-wata ya riƙa zubewa, na watan farko ya daɗe a hannun wani, na watan jiya bai daɗe ba. Idan albashin da aka rasa cikin shekara huɗu fam 30,000 ne, ruwan asusun kuma a ce kashi 4, rabinsa 2, za a sami fam 2,400. Inda aka fi yin tuntuɓe wuri biyu ne. Wasu kan fara lissafin ruwan raɗaɗi daga ranar hatsari ko ranar da aka shigar da ƙara, alhali daga ranar miƙa takarda ne. Wasu kuma kan manta su rage uwar kuɗin daga ranar da aka biya wani kaso na wucin gadi, sai lissafin ya kumbura, lauyan inshora ya sami abin kamawa.

Ostareliya ta isa wannan matsaya ta tata hanyar. A 1991, a shari'ar MBP da Gogic, Babbar Kotun ƙasar, wadda ita ce kotun ƙolinta, ta ce kada a yi amfani da ruwan kasuwa a kan diyyar raɗaɗi, ta amince da kashi 4. Ta wani ɓangaren tsarin nasu ya fi na Ingila tsabta, domin alƙali kan raba diyyar gida biyu, raɗaɗin da aka riga aka sha kafin shari'a da wanda za a sha nan gaba, kuma na bayan ne kaɗai ke ɗaukar ruwa. A ce diyyar dala 200,000 ce, alƙali ya ce rabi na baya ne. Dala 100,000 ke nan. Da yake azabar ta bazu cikin shekarun, akan raba kashi 4 ɗin biyu a yi amfani da 2. Shekara biyar daga ranar rauni, dala 10,000. Wannan shi ne abin da sashe na 18 ya share.

An share shi ne cikin firgici. A watan Maris na 2001 babban kamfanin inshora HIH ya durƙushe da bashin da ya haura dala biliyan 5. Harin 11 ga Satumba ya biyo baya, kuɗin inshora ya tashi a duniya baki ɗaya. Ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin wasanni da likitoci suka shiga kuka cewa ba za su iya biya ba. Gwamnatin Bob Carr ta kafa dokar a 2002, kwamitin tarayya ƙarƙashin Mai Shari'a David Ipp ya ba da shawarar a soke wannan ruwa, jihar Queensland ta bi sahu a dokarta ta 2003. Rikicin gaskiya ne, ba wanda ya ƙirƙire shi. Amma HIH ta faɗi ne saboda mugun shugabanci da rashin ware isassun kuɗi don biyan diyya, kamar yadda hukumar binciken da aka kafa ta gano. Kashi 2 da ake ba gurgu ba shi ne ya karya ta ba.

Kuma ba wannan ne kaɗai aka rage ba. Sashe na 16 na dokar ya ce a auna raunin mutum da rauni mafi muni. Wanda nasa bai kai kashi 15 cikin 100 ba, ba shi da komai na raɗaɗi. Mai kashi 15 yana samun kashi 1 na iyakar kuɗin da doka ta yarda a biya na raɗaɗi, mai 25 yana samun 6.5, mai 30 yana samun 23, sai an kai 33 ne adadin ke daidaita. Iyakar ta fara a dala 350,000, ana sabunta ta kowace ranar 1 ga Oktoba, yanzu ta haura dala 700,000. Ma'ana, ƙananan ƙararrakin da aka ce su ne suka cika kotuna an riga an tace su da wannan rariya. Waɗanda suka tsallake masu rauni ne na gaske, kuma su ne sashe na 18 ke samu.

Masu kare sashen suna da hujjoji uku, ba kuma duka ne na banza ba. Ta farko, raɗaɗi ba bashi ba ne, babu wani adadin da aka san ana bin wani kafin alƙali ya faɗa, to ta yaya za a ce an riƙe masa kuɗi? Amsar ita ce doka da kanta ta ce haƙƙin ya tabbata tun ranar da aka ji raunin, shi ya sa wa'adin kai ƙara ke fara tafiya tun kafin a san adadin. Kamfanin inshora ma bai jira alƙali ba. Yana samun labarin hatsari yake buɗe fayil, ya ƙiyasta abin da zai biya, ya ware shi a littafinsa, ya zuba shi a kasuwa. Kuɗin da ake cewa ba su da adadi suna nan suna haifar masa riba.

Ta biyu, kaso mai yawa na diyyar na raɗaɗin gaba ne, bai kamata a biya ruwa a kan abin da ba a sha ba tukuna. Gaskiya ne, kuma maganinsa yana cikin tsarin da ya biyo bayan Gogic: a raba, a biya a kan na baya kawai.

Ta uku ita ce mai ƙarfi. Iyakar New South Wales da matsakaicin albashi ake sabunta ta, kuma adadin lokacin hukunci ake amfani da shi. Da yake albashi yakan ɗan wuce farashi, wanda ya jira ya sami wani ɗan ƙari na gaske ba tare da an kira shi ruwa ba. Na yarda akwai shekarun da haka ke faruwa. Amma ba kullum ba, daga 2021 zuwa 2023 farashi ne ya tsere wa albashi a Ostareliya, wanda shari'arsa ta ratsa waɗannan shekaru baya ya ci. Sannan wannan ƙari makaho ne, bai san wa ya jawo jinkirin ba. Alƙalin Ingila yana da ikon yanke shekarun da mai ƙara ya ɓata da kansa, ya hana shi ruwansu. Alƙalin Sidni, babban birnin New South Wales, ba shi da abin da zai yanke, ba shi kuma da abin da zai ƙara wa kamfanin da ya yi ta neman ɗage zama.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ba kowane jinkiri ne na mugunta ba. Likita ba zai rubuta rahoton ƙarshe ba sai raunin ya tsaya, an ga iyakar abin da zai dawo da abin da ya tafi ke nan. Karayar hannu wata shida ko shekara ta isa. Raunin laka yana iya kai shekara biyu ko uku, ana tiyata ana jira. Yaron da ya bugu a ƙwaƙwalwa kuwa wani lokaci sai ya tasa, an ga yadda yake karatu da yadda yake zama da mutane, kafin wani ƙwararre ya iya cewa ga abin da ya rasa. Lauyan da ya gaggauta sasantawa kafin nan ya cuci yaron, domin idan aka sa hannu an rufe ƙofa. Saboda haka mafi munin rauni shi ne mafi daɗewar jira, kuma dokar da ta ce jira ba shi da farashi ta fi cutar da wanda ya fi kowa rauni. A wannan tsakanin mutum ba ya aiki, bashi na taruwa, kuɗin gida na jira. Wanda ke ɗaya gefen teburi ya san haka, ya kuma san kowane wata da ya wuce yana ƙara sa mai raunin ya karɓi tayin da bai kai ba.

Dokar ma ba ta yarda da kanta ba. Sashe na 3B ya cire wasu ƙararraki daga cikinta: raunin da aka yi da gangan, cin zarafi ta hanyar lalata, da cututtukan ƙura irin wadda asbestos ke haddasawa. Waɗannan har yanzu suna samun ruwa a kan raɗaɗin baya. Mutum biyu sun rasa ido, ɗaya an naushe shi, ɗaya likita ya yi sakaci, dukansu sun jira shekara huɗu, na farko a biya shi jiransa, na biyu a ce babu. Idan raɗaɗi ba ya ɗaukar ruwa saboda ba bashi ba ne, bai kamata ya ɗauka ga kowa ba. Haka kuma da zarar an yanke hukunci, in ba a biya cikin kwana 28 ba, duka kuɗin har da na raɗaɗi suna fara ɗaukar ruwa mai tsada, kashi 6 a kan ma'aunin Babban Bankin ƙasar. Kwana ɗaya kafin hukunci jira kyauta ne, bayansa kuma yana da tsada.

Ba ina cewa Ingila ta gama gyara ba. Ruwanta daga miƙa takardar ƙara yake farawa, alhali ƙa'idojin kotu suna matsa wa mutane su yi musayar takardu su nemi sulhu kafin su shigar da ƙara, doka kuma ta ba su shekara uku. Wanda ya bi ƙa'ida ya yi shekara biyu yana tattaunawa bai sami ko kwabo na waɗannan shekaru ba. Kashi 2 kuma bai isa ya tsorata kamfanin da ke samun fiye da haka a kasuwa ba. Abin da ke da haƙora a can shi ne kashi na 36 na ƙa'idojin shari'ar farar hula. Idan mai ƙara ya yi tayin sulhu a rubuce, wanda ake ƙara ya ƙi, kotu kuma ta yanke abin da ya kai tayin ko ya fi shi, ana iya ɗora masa ruwa har kashi 10 a kan ma'aunin Bankin Ingila, da wani ƙarin kuɗi a kan diyyar wanda ba ya wuce fam 75,000, ga kuma kuɗin lauyoyi bisa ma'auni mai tsauri. Can gefe guda akwai lardin Ontariyo na Kanada, wanda ya kafa ruwan kashi 5 a kan diyyar raɗaɗi bai motsa ba har lokacin da ruwan banki ya faɗi ƙasa da 2, abin da ya ba kamfanoni hujja suka sa aka cire shi daga shari'o'in haɗarin mota a 2015. Adadin da ya yi yawa shi ke jawo wa kansa sokewa.

Mai karatu a Najeriya yana da dalilin kula da wannan, domin dokar sakaci a manyan kotunanmu daga Ingila muka gaje ta. Kotun Ƙoli ta nuna tun 1989, a shari'ar Ekwunife da Wayne, cewa ruwan kafin hukunci sai an roƙe shi a takardar ƙara an kuma kafa hujjarsa, kuma galibi yarjejeniya ko al'adar kasuwa ake nema, abin da wanda mota ta buge ba shi da shi. Bayan hukunci, ƙa'idojin kotuna da dama suna ba da kashi 10 a shekara, kuma yawanci a nan ake tsayawa. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. A ce an yanke wa mutum naira miliyan 10, aka ɗaukaka ƙara, aka yi shekara biyar farashi na hawa da kashi 25. Zai karɓi miliyan 15, amma kaya sun ninka sau uku, abin da ke hannunsa bai kai darajar miliyan 5 na ranar hukunci ba. A irin wannan hali, ɗaukaka ƙara ko da babu hujja sana'a ce mai riba. Ƙaramin ruwa irin na Ingila yana aiki ne kawai inda ake sabunta uwar kuɗin, a nan kuwa ba mu da jadawalin da ke yin haka.

Na san da yawa za su tsaya a kan kalmar ruwa, kuma fatawa ta malamai ce. Sai dai fiƙihu bai bar mai rauni a hannun lalacewar kuɗi ba. Cikakkiyar diyya a mazhabar Malikiyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, hannu ɗaya rabin haka. Abin da aka auna da zinariya ba ya narkewa don shari'a ta daɗe. Hadisi ingantacce kuma ya ce jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne. Wanda ba zai karɓi ruwa ba yana da cikakken dalilin neman a ƙiyasta haƙƙinsa da darajar ranar biya.

Gyaran da New South Wales ke buƙata ƙarami ne. A cire diyyar raɗaɗi daga jerin abubuwan da sashe na 18 ya haramta. A wajabta wa alƙali ya faɗi kason da ya shafi raɗaɗin baya, a ba da kashi 2 a kansa kaɗai, daga ranar da aka sanar da wanda ake ƙara ko kamfanin inshorarsa a rubuce, domin daga ranar ce suka ware kuɗin. A bar wa kotu ikon cire duk watannin da mai ƙara ya ɓata ba dalili, da ikon dakatar da ruwan daga ranar da ya ƙi tayi mai kyau. Kamfanin da ya amsa laifi yake son tsayar da lissafin kuma hanyarsa a buɗe take: ya biya wani kaso tun ana jiran rahoton likita, ruwan ya ragu daga ranar da kuɗin suka shiga hannun mai raunin.